Baƙonka na Japan ya dawo Garwa

Assalamu alaikum, Yaya Sale. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya a duk inda ka sauka. Ban san adireshinka ba, shi ya sa na bar wasiƙar nan a buɗe, ko wani da ya san inda kake zai karanta maka.

Bajapanen nan da ka yi wa direba a gonakin shinkafar Maga ya zo gidanmu jiya. Ya yi furfura. Ya tsaya a zaure ya sunkuya, ya ce da ni "Jam na?" da Fillancin da ka koya masa.

Ka tuna tsofaffin kuɗin ƙasarsu da yake ba ka? Dogaye, sirara, da jan hatimi, wata ma da hoton wani ƙato a zaune kan buhunan shinkafa. Kana jera su a gwangwanin biskit, kana ce mana, "Can ma a da kowane lamiɗo da kuɗinsa, in ka tsallake iyakarsa sun zama takarda." Inna takan ce wa zai sayar maka da ko barkono da su.

Sai ranar da jandarmomi suka zazzage gwangwanin a ƙofar gida, suka ce takardun 'yan tawaye ne daga Sin. Suka fito da kai ba hula, mahautan layinmu suna kallo. Da aka sako ka, babu wanda ya zo barka. Kafin damina ta sauka ka bar garin.

Duk wannan baƙonka bai sani ba, Yaya. Ya fito da wata takardar kuɗin irin waɗancan a naɗe cikin farin ƙyalle, ya ce ya daɗe yana nema maka ita, ta wani ƙaramin sarki ce na bakin teku. Ya miƙo min da hannu biyu yana tambayar ina kake.

Na rasa inda zan sa fuskata. Ta yaya zan gaya wa baƙo abin da garinmu ya yi maka a kan kyautarsa? Na ce ka yi tafiya. Ya yi murna, ya ce dama kai mai son ganin duniya ne. Na zuba masa shayi.

Na karɓi takardar kuɗin. Ban ɓoye ta ba, tana kan tebur, duk wanda ya shigo ya gani.

Allah ya tsare ka, ya sanyaya maka zuciya a kanmu, ya sa Inna ta gan ka tun idonta yana gani.

Ƙanwarka,
Hajara