Muryar Baba a Cikin Faifai

Gwarzo, ranar Litinin.

Zuwa ga Yayata Hanatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da nauyin da kike ɗauke da shi. Yaya Malam Ahmad, yaya 'yata Zinnira da Ahnaf sarkin ɓarna? Yaya mutanen Garo? Mu nan lafiya lau. Inna tana gaishe ki, ta ce ki rage sunkuyo. Jikin Baba da sauƙi, sai dai hannun dama har yanzu a sake yake, magana kuwa shiru, wata tara ke nan tun da ɓarin jikinsa ya shanye.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a hannun Musbahu direba alhali ga waya. Yaya, in na kira ki muryata za ta tona ni, kuma kin san kunnen Inna.

Kin ce in tura miki kiran sallar da na ɗauki Baba yana yi wa 'yan Islamiyya shekara uku da suka wuce, don a sa wa jinjiri a kunne in kin sauka. Duk jikokin gidan nan muryarsa suka fara ji a duniya, ba ki so wannan ya zama shi kaɗai aka bari. Na ce miki gobe. Goben nan ce ta cuce ni.

Kwamfutata da na ajiye shi a ciki ta daɗe tana mutuwa da kanta, sai na je Kano na sayo sabon madabod, wato babban allon da komai na cikinta yake hawa. Na haɗo da wani ɗan faifan ajiya na zamani, bai fi tsawon yatsa ba. Na ɗaura su, ta tashi fes. Amma tsohon faifan da muryar Baba take ciki, ta ƙi ganinsa. Yana ciki, kebul a soke, in na ɗora hannu ina jin yana juyawa, ita kuwa ta nuna ba ta san da shi ba. Kuma ban kwafe komai ba kafin in kwance ta. Ni da nake yi wa masu kawo mini gyara faɗa a kan haka.

Kada ki tayar da hankalinki, ba a so a halin da kike ciki. Na faɗa miki ne don ban iya ɓoye miki abu ba tun muna yara.

Ƙaninki mai laifi,
Ja'afar

Gwarzo, ranar Alhamis.

Yaya Hanatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da jiki, ina gaida Malam da yara. Amsarki ta iso. Da kin zage ni da ya fi mini sauƙi a kan wannan haƙurin da kika ba ni.

Ba abin da ban gwada ba. Na sauya kebul har uku. Na sauya wanda yake kai masa wuta. Na shiga bayos, inda kwamfuta take jera duk abin da ke jikinta, na ga sabon faifan zaune a sahun gaba, gurbin tsohon wayam. Na so in mayar da tsohon allon, shi kuma ya ƙi tashi gaba ɗaya, kamar ya yi fushi. Shagona duk ƙananan kwamfutoci na hannu ake kawowa, ba wata irinta da zan gwada faifan a jiki. Wani abokin sana'a ya ce ƙila ya mutu ne, in goge shi in huta. Tun ranar ban ƙara ɗaga wayarsa ba.

Na dawo da kwamfutar zaure ina aikin a can, don a nan Baba yake wuni. Ban gaya masa komai ba, amma kin san Baba. Ido kawai yake bina da shi, irin kallon da yake mini in na tsallake aya ina sauri in tafi ƙwallo. Jiya na ɗago muka haɗa ido, sai na ji ba zan iya ba, na faɗa masa gaskiya duka. Bai ɓata rai ba, ya dai dafa kaina da hannun hagu.

Yaya, tsoro nake ji. Ban san na fara manta yadda yake jan ƙarshen kiran salla ba sai da na nemi tunowa na kasa.

Inna ta ce watanki ya tsaya. Ki ce wa ɗan nan kawunsa yana roƙon arziki, ya ɗan ƙara kwana biyu.

Naki,
Ja'afar

Gwarzo, ranar Asabar.

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina fata kin tashi lafiya, ina gaida kowa da kowa. Zauna tukuna kafin ki karanta.

Jiya bayan sallar Juma'a ina zaure na tasa kwamfutar a gaba, sai Baba ya riƙa buga tabarma da sandarsa. Na ba shi ruwa, ya kau da kai. Na gyara masa matashi, ya ture. Ashe ɗan littafin da ya zo cikin kwalin allon yake nunawa, wanda Inna ta mayar abin fifita. Na buɗe tsakiya ina ta ɓare shafuka don in faranta masa, sai ya miƙo sanda ya rufe shi, ya nuna mini bangon farko. Shekara talatin yana karantar da yara, bai taɓa yarda ɗalibi ya fara littafi daga tsakiya ba, ni ma bai ga dalilin da zai ɗaga mini ƙafa ba.

Na karanta daga farko, yana tsare da ni. A shafi na goma sha tara, da 'yan ƙananan baƙaƙe a ƙasa, an rubuta cewa in aka sa ɗan faifan zamani a gurbinsa, biyu daga cikin kafofi shida da ake soka kebul suna rufewa. Ni kuwa kwana biyar ina cirewa daga ta farko in mayar ta biyu, su ne a kusa da hannuna. Na soka a ta uku, na kunna, sai ga faifan ya fito da sunansa.

Na sa kiran sallar. Inna ta baro tukunya ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Baba ya rufe ido, leɓɓansa suna bi. Ni dai kuka na yi, ba zan ɓoye miki ba.

Akwai abin da na manta yana ciki. Bayan ya idar, ba a kashe ba, ana jinsa yana kiran sunana, yana tambaya ko ya ɗauku, sannan ya ce in adana da kyau, wata rana za a nema. Ban yanke wurin ba, kuma ba zan yanke ba. Na kwafe a wuri huɗu, har da wayar Inna.

Amma ba zan turo miki ba. Da na ce zan ba Musbahu, Baba ya girgiza kai ya nuna ƙirjinsa. Shi zai kawo da kansa, shi zai kara wa jikansa a kunne. Na miƙa masa wayar a hannun hagu, ya ƙi karɓa, don bai taɓa yi wa jinjiri abin alheri da hagu ba. Tun safe yake zaune yana tallafe hannun dama da na hagu, yana koya masa riƙe waya. Ta faɗi sau bakwai. Yanzu da nake rubutun nan tana hannunsa, ba ta faɗi ba.

Ki gaya wa ɗan nan ya taho, kakansa ya shirya. Allah ya sauke ki lafiya.

Ƙaninki,
Ja'afar