Tsanin Abu Nadim

Jazzin, 9 ga Nuwamba, 1996

Zuwa ga 'yata Ibtisam,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Ramzi da jikokina biyu. Yaya tarin da kika ce yana damun ƙaramar? Ki riƙa ba ta zuma da safe, ki rabu da surutun likitocin Sidni. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata da ba ta shiri da sanyi, sai kuma babanki, wanda shi ne dalilin wannan takarda.

Lokacin tsinkar sanobar ya zo, 'yan ƙwayoyin nan na cikin kwanson bishiya da muke sawa a abinci. Jiya na tarar da shi a tsakar gida yana wasa gatari, ya kuma fito da dogon tsaninsa yana duba matakan ɗaya bayan ɗaya. Mutum mai shekara saba'in da uku, wanda sai ya dafa bango yake sa wando, wai shi ne zai hau yayarki. Kin dai san wadda nake nufi, bishiyar bayan gida da yake kira 'yarsa ta fari.

A shekarar da aka kawo ni gidan nan ya shuka ƙwayarta a gwangwanin madara, kuma na sha wahalarta fiye da taku ke da Nadim. Ranar da na tausaya mata na zuba mata ruwa bokiti guda, kwana biyu bai yi mini magana ba, wai sanobar yashi da rana take so, zan ruɓar mata da saiwa. Ya yi mata shinge saboda awaki tun kafin ya gyara rufin da ke zuba a kanmu. Shekara ashirin muna kallon ganye kafin ta ba mu kwanso na farko, ranar kuwa gida gida ya bi yana nuna shi. Yanzu ta wuce hasumiyar coci tsawo, kuma tsanin rabinta kawai yake kaiwa, sauran da hannu da gwiwa ake ƙarasawa.

Na ce ya tuna da maƙwabcinmu Abu Fu'ad da ya faɗo bara, yau sai an juya shi a gado. Ya ce Abu Fu'ad tun yana saurayi ko jaki bai iya hawa ba. Na ce a kira 'yan ƙwadago, ya ce waɗannan dukan bishiya suka iya. Na ce to ɗansa ya zo daga Bairut ya taya shi. Sai da ya ajiye gatarin don ya ji daɗin dariya.

"Nadim? Wanda in ya hau kujera zai canza ƙwan lantarki sai jiri ya ɗebe shi?"

Na gaji, Ibtisam. Duk ranar da yake sama ba na iya haɗiyar ko ruwa, kunnena yana bayan gida ina jiran in ji ƙarar da ba na so in ji. Ke kaɗai yake jin maganarki. Ki rubuto masa, kuma kada ki lallaɓa shi. Ki ce in ya sake hawa ba za ki kawo masa yaran a hutun bazara ba.

Ki gaishe mini da Ramzi, ki sumbaci yaran.

Mahaifiyarki,
Wadad

Jazzin, 14 ga Disamba, 1996

'Yata Ibtisam,

Ina gaishe ki da iyalinki, da fatan tarin ya tafi. Kullum sai na leƙa gidan waya, har ma'aikacin ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Ko dai kina ganin uwarki ta tsufa tana neman rigima ne?

Da na ga shiru sai na yi abin da zan iya. Ni da Ummu Fu'ad, matar Abu Fu'ad, muka ja tsanin zuwa rumbunta muka rufe shi da ciyawa, ita kuwa ba sai na yi mata bayani ba. Babanki ya kwana huɗu yana nema, ya zargi mai sayar da kananzir, ya zargi limamin coci, ni kuma ina ta taya shi mamaki.

Ranar da Nadim ya kai shi birnin Saida wajen likitan ido, na kawo 'yan ƙwadago biyu daga ƙauyen ƙasa. Kafin rana ta raba sun gama, sun cika buhu shida. Na dafa musu gahawa, na sa musu albarka, ina jin kaina kamar wadda ta sauke dutse daga ka.

Da ya dawo ko kallon buhunan bai yi ba. Ya wuce gindin bishiyar ya durƙusa yana tsince-tsince a cikin ganye, ya cika hularsa da ɗanyun kwanson da suka kakkaɓo, ya zo ya zazzage mini a kan teburin da nake murza kubba, curin nama da alkama. Ya ware su kashi biyu, masu girman ƙwai a gefe, masu girman wake a gefe.

"Waɗannan na baɗi ne. Waɗannan kuma na shekarar da ke bin ta. 'Ya'yan shekara uku take ɗauke da su a jikinta lokaci ɗaya, Ummu Nadim, babban kawai ake cirewa. Kin sa an zubar mata da ciki biyu a wuni ɗaya."

Na san da haka mana, wa ya girma a tsaunin nan bai sani ba? Ban dai taɓa tsayawa na kalli yadda ake bi a tsakaninsu da ƙugiya ba, tun da duk lokacin da yake sama idona a rufe yake. Mutanen nan sanda suka sa suka yi ta maka. Rassan da ya kamata a rage don rana ta shiga ba su taɓa ba, sai wani lafiyayye da ya tare musu hanya suka sare, har yau ƙaro yake zubarwa.

Duk da haka ban ba shi haƙuri ba. Na ce gara mu ci kubba shekara biyu babu sanobar a ciki da in ƙare rayuwata ina juya shi a gado. Ya ce wa ya ce mini zai faɗo? Tun ranar yake cin abinci yana kallon bango, kuma na ji ya aika a tambayo masa kuɗin sabon tsani.

Don Allah ki rubuto. Ki gaida kowa.

Mahaifiyarki,
Wadad

Jazzin, 20 ga Fabrairu, 1997

Ibtisam 'yata,

Gaisuwa gare ki da Ramzi da yara. Hotunan sun iso, babbar ta ɗauko hancin kakanta, Allah ya ba ta haƙuri. Wasiƙarki ma ta iso tun farkon Janairu. Kin rubuta abin da na ce, ba ki rage ko kalma ba.

Ya karanta ta sau biyu a bakin murhu, ya ninke ya sa a aljihu. Tambaya ɗaya ya yi mini, ko ni na faɗa miki abin da za ki rubuta. Na ce ni ce. Ya gyaɗa kai. Ya aika aka fasa maganar sabon tsani, ya rataye gatarin a bayan ƙofa. Na jira faɗa, faɗa bai zo ba. Mutumin da ya shekara arba'in da tara yana musu da ni a kan gishirin miya, yanzu duk abin da na ajiye masa sai ya ce ya yi. Ban san haka shirunsa yake da nauyi ba.

Makon jiya dusar ƙanƙara ta kwana uku tana sauka. Da yake ba a rage wa yayarki rassa ba, ta tara nauyi a gefen gabas, babban reshen ya tsage yana reto. Kin san in ba a yanke shi sumul ba kafin zafi ya shigo, ƙwaro zai bi ta tsagar ya ci har zuciyarta. Babanki kuwa, kullum da hantsi sai ya ja kujera ya zauna yana kallon reshen, ni kuma ina kallonsa ta tagar kicin, har abin ya fi ƙarfina.

Shekaranjiya da ƙasa ta bushe na je rumbun Ummu Fu'ad na jawo tsanin ni kaɗai, da wannan gwiwar tawa. Na jingina shi da bishiyar, na ɗauko gatarin na miƙa masa. Na ce ya hau ya yanke reshen nan ya sauko, ni zan riƙe masa, kuma ba zan faɗa miki ba. Ya tuɓe takalmi ya soke gatarin a ɗamara.

Ya hau mataki ɗaya, biyu, har biyar. Ina jin nauyinsa a hannuna, idona a buɗe karo na farko. A na shida ya tsaya. Na ɗauka numfashi yake mayarwa. Sai na ji tsanin yana rawa, kuma ba iska ba ce. Ya sauko a hankali, ya zauna a ƙasa yana sa takalminsa.

"Wadad, shekara hamsin ina hawan bishiyoyi ban taɓa kallon ƙasa ba. Yau na kalla."

Na samu abin da na nema, Ibtisam, kuma haushin kaina nake ji kamar in yi ihu. Reshen yana nan yana reto. Nadim ya ce zai nemo wani gwani daga ƙauyen Bikasin, babanki ya ce duk yadda muka gani. Tsanin ma yana nan jingine da ita, ban ɗauke ba, shi kuma bai ce a ɗauke ba.

Ki kawo yaran da bazara, ko me ya faru. Ki kuma rubuto masa kafin nan. Wannan karon ban san abin da zan ce ki faɗa masa ba, ki rubuta naki.

Allah ya tsare mini ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mahaifiyarki mai kewarki,
Wadad