Tayoyin Zuwa Alaska

Souris, Dakota ta Arewa
11 ga Mayu

Zuwa ga ƙanena Arlen,

Gaisuwa gare ka daga yayarka, kai da matarka Lenore da duk wanda ke ƙarƙashin rufinku a Homer. Yaya ƙarfin jiki? Lenore ta ce hannun dama ya fara riƙe cokali, kuma kana takawa daga kujera zuwa taga ba tare da an tallafe ka ba. Na gode wa Allah da wannan labari, ina roƙonsa ya cika abin da ya fara, ya sakar maka harshenka, ya ba Lenore ƙarfin jinya. Tun da shanyewar jikin nan ta same ka waya ta daina yi mana amfani, shi ya sa na koma takarda. Lenore, na san ke ce mai karantawa, ki bi a hankali. In kin ga ya ɗaure fuska ki dakata, alama ce na faɗi wani abu ba daidai ba game da mota, wanda ya yi shekara talatin yana tuƙa tirela ba zai bari ya wuce ba.

Mu nan lafiya, in kalmar "mu" ta dace da mutum ɗaya. Ƙanƙara ta narke, an fara shukar alkama. Ɗana Curtis da matarsa Dawn suna Fargo lafiya, babbar 'yarsu za ta gama sakandare bana. Ranar Lahadi mu tara ne a coci, har da fasto. Ione, wadda muka yi shekara arba'in muna zama benci ɗaya, 'ya'yanta sun kai ta gidan tsofaffi a Minot tun watan Janairu. Layinmu gida shida ne, biyu kawai ke da mutane a ciki. Har yanzu tukunya cike nake dafa kofi da safe, in sha kofi ɗaya in zubar da sauran, hannuna ya ƙi koyon awon mutum ɗaya.

Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne motar mijina Orrin, farar nan mai dogon jiki da ya ɓata shekara biyu yana mayar da cikinta ɗaki, da gado da murhu da tankin ruwa, don mu zo mu gan ka. Ka san bai kai ga shiga da ita ko Kanada ba, wadda ke nan bayan gari, Allah ya karɓi abinsa. Tun daga nan tana gareji. A watan Fabrairu Curtis ya zo, na gaya masa zan tuƙa ta zuwa wurinka da bazara. Ya dube ni kamar na ce zan yi iyo zuwa Norway. Ya ce ni mace ce mai shekara saba'in da ɗaya da gwiwa ɗaya mai ciwo, tayoyin motar duk sun tsattsage don zama, kuma in na yi faci a dajin da waya ba ta kamawa, beyar, dabbar dajin nan, zan kira ta zo ta taya ni? Ya ce ya riga ya duba mini ɗaki kusa da na Ione. Daga ƙarshe ya zare makullin daga ƙusa ya sa a aljihu, ya ce ranar da na canza taya da hannuna a gabansa zai mayar mini. Ya faɗa ne don ya rufe magana. Bai san ubansa ba ya ajiye makulli ɗaya ba, akwai wani a gwangwanin kofi a gareji. Da na so tafiya ba da yardarsa ba da na tafi, amma shi kaɗai na haifa, Arlen, ba na so in bar shi da fushi a bayana.

A garejin akwai kwali huɗu da Orrin ya saya wata biyu kafin ya kwanta. Rim ne, wato abin da ake ɗora taya a kai, baƙaƙe masu sheƙi, na alminiyam, inci goma sha takwas, da takarda a kai da rubutunsa, girman manyan tayoyin da ya so ya ɗora musu. Na ɗauki takardar na tafi wani shagon taya a Minot. Mai shagon mace ce, Delphine Azure, 'yar tsaunin Turtle, za ta kai hamsin da biyar, murya gare ta kamar ta mai gwanjon shanu. Ta karanta takardar ta kwashe da dariya, ta ce mijina, Allah ya jiƙansa, irin mazan nan ne masu son mota ta yi kyau a hoto, su ne ke ciyar da ita. Na ji haushi na kusa fita. Sai ta tambaye ni ina za ni, na ce Alaska. Ta ce da wa, na ce ni kaɗai. Nan dariyar ta tsaya, ta jawo mini kujera.

Ba ta fara da bayani ba. Ta mirgino taya biyu da rim ɗinsu ta jingina a gabana, ɗaya girman da Orrin ya rubuta, ɗaya girman da motar ta zo da shi daga kamfani, inci goma sha shida, ta ce Mama bisimilla, in ɗaga kowace ko da tsawon yatsa ne daga ƙasa. Babbar ko motsi ba ta yi ba, sai ma ta kwanta a kan ƙafata, samarin shagon suka juya kai don kada in ga suna dariya. Ƙaramar na iya girgiza ta, shi ke nan. Na tsaya ina haki, kunya ta rufe ni, na ga ɗakin nan kusa da na Ione kamar an buɗe mini ƙofarsa. Delphine ta ce in daina wannan fuskar, ba wanda ke ɗaga taya da baya sai wawa ko yaro, akwai dabara, za ta koya mini in na zaɓi wadda dabarar za ta yi aiki a kanta.

Ga abin da ta faɗa, ka auna da saninka. Ta ce in rim ya yi girma roba takan ragu a gefe, ita kuwa hanyar tsakuwa da ramuka gefe mai tsawo take so, shi ke shanye duka. Rim na ƙarfe in ya lanƙwashe ko wane makaniken ƙauye zai buge shi da guduma ya miƙe, na alminiyam tsagewa yake yi, sai jiran sabo daga birni. Babbar taya za ta riƙa gogar jikin motar in na karya kwana, agogon gudu zai riƙa yi mini ƙarya, mai zai ƙaru, kuma ta ko-ta-kwana ba za ta shiga gurbinta a ƙarƙashin mota ba. Ta ce girman da motar ta zo da shi ana samunsa a kowane ƙaramin gareji daga nan har Yukon, na Orrin kuwa sai in zauna mako guda a wani gari ina kallon sauro. Abin da ya fi taɓa ni shi ne da ta ce manyan za su ɗaga motar da kusan inci biyu, ta nuna gwiwata da baki ta ce wannan ta yarda?

Ta tura ni in auna motar cike da ruwa da kaya, na ɗauko makullin gwangwanin na kai ta sikelin ma'ajiyar alkama na garinmu, suka auna gaba daban, baya daban. Bayan ya fi nauyi sosai, don Orrin da katakon gaske ya yi gadon da akwatunan, ka san shi. Da ta ga takardar awon ta ce taya mai ƙarfin gefe nake buƙata, irin wadda aka yi don ɗaukar nauyi. Zanen tayar kuma matsakaici, wanda ke kama kwalta da tsakuwa da laka duka, ba mai manyan haƙoran nan na 'yan wasan taɓo ba, wanda ta ce zai kurmantar da ni kafin in kai Regina. Ta nuna mini wata alama a gefen tayar, tsauni da ɗigon ƙanƙara a cikinsa, ta ce kada in yarda da wadda ba ta da shi, don duwatsun can ba su san an shiga Yuni ba, ƙanƙara na iya sauka. Kuma biyar zan saya iri ɗaya, ba huɗu ba.

Duk da haka ban yanke shawara ba sai da na koma shagon sau uku, mil tamanin zuwa, tamanin dawowa. Na biyun uzurina na gaske ne, na kasa wuce kwalayen nan. Na zauna kusa da su a gareji da takardarsa a hannu, ina jin kamar in na zaɓi wani girma na ce masa bai san abin da yake yi ba, alhali ba ya nan balle ya kare kansa. Na ukun kuwa, kai kaɗai zan gaya wa, ba ni da wata tambaya. Na ƙirƙiro ta ne a hanya. A shagon akwai kofi da hayaniya, ana zagin juna ana dariya, kuma akwai wadda ke tambayata me nake gani. Delphine ta saurari tambayar har ƙarshe, ta ce ai ta amsa wannan ranar Talata, in kofi ne ke kawo ni in riƙa zuwa kai tsaye, ba sai na sha wahalar haɗa tambaya ba. Na yi dariya har hawaye, daga baya hawayen suka ƙi tsayawa, ta kori samarin waje. Ranar aka ɗora tayoyin a kan rim ɗin ƙarfe na asali. Kwalayen Orrin suna nan inda ya ajiye su, ban iya sayarwa ba.

Dabarar ashe shebur ce da bututu. Bututun ƙarfe mai tsawo za ka zura a hannun sifana, ka taka da nauyinka, notin ya saki. Shebur kuma ka cusa bakinta ƙarƙashin tayar, ka danna ƙotar da gwiwa, tayar ta tashi daidai ramukanta. Kwana goma ina yi a tsakar gida, a durƙushe kan guntun darduma, har farcena biyu suka tafi.

Asabar da ta wuce Curtis ya zo. Na ce ya tsaya can, hannu a aljihu. Awa ɗaya da minti arba'in na ɗauka. Sau biyu ya yunƙuro, da jak ɗin ya karkace da kuma lokacin da na kasa tashi daga durƙuso, na ce in ya taɓa mun koma farko. Da na gama ya karɓi sifanar ya bi notin ɗaya bayan ɗaya, bai samu mai motsi ba. Ya daɗe yana kallon tayar, sannan ya ciro makullin ya ajiye a tafin hannuna, ya ce shi dai bai ji daɗi ba, amma magana magana ce, kuma in kira shi kullum in na tsaya. Ba zan ɓoye maka ba, duk kwana goman nan a raina ina tsammanin in ya gani zai ce to Mama, bari in raka ki ko zuwa Edmonton ne in dawo a jirgi. Na dafa dunƙulen nama da dankali, na gasa lefse, wainar dankalin nan irin ta Mama, na shimfiɗa tebur na mutum biyu. Ya rungume ni ya ce ƙaramar 'yarsa tana da wasan ƙwallo da yamma, hanya da nisa. Na naɗe masa lefsen a takarda ya tafi. Yaro ne nagari, yana da nasa gidan.

Ban iya zama a teburin ba, sai na tayar da motar na bi hanyar tsakuwa zuwa gidan gonarmu na da. A kan kwalta tayoyin suna ɗan ƙugi ƙasa-ƙasa, amma da na sauka tsakuwa sai motar ta natsu, ba zamewa ba rawar sitiyari, har kwarin nan da motar Baba ke maƙalewa duk bazara na wuce shi da laka a ciki. Na juya zan ce wa Orrin ka ga yadda ta riƙe hanya, kujerar gefe ba kowa. Rufin gidan ya rufta ta wajen ɗakinka, itatuwan da Baba ya dasa don tare iska rabinsu sun bushe. Na zauna a bakin motar na ci abincina a can.

Saura magana ɗaya. Lenore ta gaya mini, kada ka ga laifinta, ni na matsa mata, cewa da ta ce maka ina shirin zuwa ka girgiza kai, ka juya fuska bango. Ta ce ba ka so in gan ka da baki a karkace ana goge maka haɓa. Arlen, ni na goya ka lokacin da Mama ke gona, ni na wanke ka, na goge maka abin da ya fi haɓa. Ba izini nake nema ba, sanar da kai nake yi. Ranar biyu ga Yuni zan tashi, in Allah ya kai mu, mil ɗari biyu da hamsin a rana, Delphine ta ce mako biyu in ban yi taurin kai ba. Ba sai ka ce mini komai ba in na iso. Duk waɗanda suka san ni ina yarinya a gidanmu sun tafi, kai kaɗai ka rage, kuma mil dubu uku ba su yi mini yawa ba don in zauna kusa da mutumin da ya san muryar Mama.

Ka gaishe mini da 'yarka Kirsten da mijinta, da ɗanka Tor in jirginsu na kamun kifi ya dawo, da ƙaramin jikan nan Anders da ban taɓa riƙewa ba. Curtis da Dawn suna gaishe ku, Ione ma da na leƙa ta ta ce in gaishe da yaron nan mai jajayen kunnuwa, a wurinta har yau shekararka tara. Lenore, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka miki. Kada ki gyara mini ɗaki, da gadona zan zo, wurin ajiye mota kawai za ki share mini kusa da tagarsa.

Allah ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu.

Yayarka,
Verna