Guntayen Dutse Biyu a Al Quoz

Talata, 12 ga Maris, 2019

Yau Latin ɗin da nake koyo a waya ya yi min rana! Muna shirya kayan tarihi a sitonmu na unguwar Al Quoz, sai na ga guntayen dutse biyu, kowanne a akwatinsa. Ɗaya da sunan yarinya, ɗayan lambobin Rumawa kawai. Bakin karayarsu ya tsaya min a rai.

Na ce wa Malam Isufu kafinta, "Don Allah matso min da wancan."

Ya ce, "Hajiya, in ya fashe ba ruwana."

Muna haɗa su suka zauna daram! Saura kaɗan in rangaɗa guɗa. Layin ya cika: ta rayu shekara uku, wata biyu, kwana goma sha ɗaya. Ashe dutsen kabari ne, ubanta ya sa aka sassaƙa.

Malam Isufu ya ce, "Mu ba ma rubutu a kabari. Wannan uban kuwa har kwanaki ya ƙirga."

Yanzu na ƙirga na 'yata Ummi da na baro a Kano: shekara huɗu, wata ɗaya, kwana shida. Wata bakwai a ciki ba na nan.