Katun a zauren Alhaji Sada

Laraba da dare, 1978

Yau ma ban ga katun a talabijin ba. Tun da maƙwabcina Alhaji Sada ya dawo daga Makka da akwatin wasan nan da ake jona wa talabijin, zaurensa ya lalace. Wai wasa! Sanda biyu ne da farin ɗigo yana kai da kawo, ba labari, ba dariya. Amma magidanta da gemunsu suna rigimar wa zai murɗa.

Katun kuwa mutum ne ya zauna ya zana da hannunsa, har kare ya ɗaga gira. Ni da nake zanen jikin motoci a Ƙofar Guga na san wahalar girar nan.

Da lokacin katun ya yi na ce, "Alhaji, a ɗan maido mana tasha."

Bai ko waiwayo ba. "Tau, Malam Lawal, ran da ka sayi taka sai ka zaɓa."

Aka kwashe da dariya, har da aminina Iro. Na saka takalmina na fito, ba wanda ya ce in dawo. Abin haushin, duk unguwar nan shi kaɗai ke da talabijin, kuma na san gobe zan koma in gaishe shi.