Baba Ya Ƙi Miƙewa Tun Ranar Da Aka Yi Masa Dariya

Anti Mashkura, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle.

Mahaifina dillalin shanu ne a karar Dei-Dei. Kwanakin baya wani bijimi ya banke shi, ƙashin ƙugunsa ya karye. Aka yi masa tiyata, aka sa ƙarfe, likita ya ce aiki ya yi kyau. Tun kafin a sallame mu ma an miƙar da shi, ya yi 'yan taku da wannan ƙarfen mai ƙafa huɗu da ake dafawa. Ranar har kukan murna na yi. Aka ja mana kunne cewa kullum sai ya taka.

Muka kawo shi gidan yayana Lukmanu a Garki, ni kuma ina biyawa idan na tashi daga ofis. To sai 'yan dubiya. Abokansa na kara, Allah ya saka musu, kullum falo cike, ga lemo ga ayaba, amma kowa ya zama likita. Wai karaya ba ta son motsi, wai tun kaka da kakanni wanda aka yi wa ɗori kwanciya yake har ƙashi ya kama. Duk da haka Baba yana daurewa. Sai ranar da Alhaji Yamusa, abokin wasansa, ya shigo ya same shi dafe da ƙarfen, ya ce ashe Alhaji ya koma keken koyon tafiya, saura a goya shi. Aka kwashe da dariya, har shi Baban ya yi. Wallahi Anti, tun ranar bai sake taɓa ƙarfen nan ba. Cewa ya yi a fitar masa da shi daga ɗakin.

Yanzu ƙafar sai sirancewa take, bayansa ya fara salewa, salla ma a kwance. Mutumin da ke wuni a tsaye cikin shanu! Da na matsa masa, sai ya ce tun da ya haife ni ban taɓa ɓata masa rai ba sai yanzu, ya juya ya fuskanci bango. Yaya Lukmanu ya ce boko ya busar min da zuciya, in ƙyale tsoho ya huta. Idan na yi shiru ina tsoron ya tafi ke nan da kwanciya, idan na ci gaba ina tsoron fushinsa. Ya zan yi?

'Yar Alhaji, daga Garki

Sannu 'yar Alhaji. Zuciyarki ba ta bushe ba, kuma yayanki ba mugu ba ne. Shi hawayen Baba na yau yake gani, ke kuma na gobe kike hange.

Abokan Baba ba ƙarya suka shara ba, ɗori suka sani, shi kuwa ɗori sai da kwanciya. Amma wannan aiki daban ne. Dalilin sa ƙarfen ke nan, don ya riƙe ƙashin mutum ya tashi da wuri, domin doguwar kwanciya ga dattijo ta fi karayar haɗari. Wannan salewar bayan kada ta wuce makon nan likita bai gani ba. Ku koma asibiti, kuma Lukmanu ne zai shiga da shi, ya ji da kunnensa. Ku faɗi gaskiyar tsawon lokacin da ya yi bai taka ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku tambayi batun maganin ciwo da likitan gashin ƙashi mai zuwa gida. Kada ki ɗaga shi da ƙarfin tsiya kafin a sake duba shi.

Ke ma ga naki. Kin tsaya kallon ƙugu, alhali girmansa ne ya ji ciwo. Mutumin da ake jin muryarsa a kara, yau 'yarsa ke ce masa tashi, zauna, a gaban sa'o'insa? Ki bar wa Lukmanu riƙon Baba wurin takun, ɗa namiji ya fi yi masa sauƙi. A sa wa dubiya lokaci, a riƙa takun da safe, ƙofa a rufe.

Sannan ki shirya ki je Dei-Dei ki gaida Alhaji Yamusa. Ban da ƙorafi. Ki durƙusa ki gaya masa abin da likita ya ce da halin da amininsa ke ciki. Na tabbata bai san abin da wasansa ya jawo ba, kuma idan ya sani ba zai iya zama ba. Abin da Baba zai ƙi ji daga bakinki, zai ji daga bakin wanda suka tsufa tare.

Fushin nan na Baba mai wucewa ne, ki daure masa, ki ci gaba da zuwa gaisuwa ko da bango zai kalla. Gara ya yi fushi da ke yana tsaye, da ya sa miki albarka yana kwance ba ranar tashi. Allah ya tashi kafaɗunsa, ya ba ki ladan ɗawainiya.

Anti Mashkura