Wurin Alwala Ya Bushe

Gusau, daren Alhamis, Maris 1998

Gurnanin nan ya dawo cikin na'urorin ƙara sautin jita, ga shi jibi za mu ɗauki kaset. Na zare wayoyi, na kashe fanka, bai daina ba. Karatun lantarkin da na yi, ga inda ya ƙare.

Da yamma na leƙa bayan shago. Ƙarfen da na kafa a wurin alwala na haɗa shi da na'urorin da waya, don damshi ya riƙa shanye ƙarar, yana cikin busasshiyar ƙasa. Alhaji mai gidan ya kwashe butoci, an daina alwala a wurin.

"Santsi ya yi yawa, Malam Bawa," in ji shi, har da murmushi.

Bai ga santsi ba sai da ƙanensa ya fara neman shagon nan? Na tuttula ruwa, gurnanin ya kwanta. Daga gobe can zan riƙa alwala. Ya hana ni in gani.